Ƙarar gaɓoɓi bayan yoga: Abin tsoro ce ko alamar waraka?

Shekaru kaɗan da suka wuce, in ka ambaci yoga a Kano ko Zariya, abin da zai faɗo wa mai sauraro a rai bai wuce wani tsoho mai dogon gemu da ya harɗe ƙafa a gindin dutse a fim ɗin Indiya ba. Yau lamarin ya sauya. Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince, a watan Disambar 2014, da ware ranar 21 ga Yunin kowace shekara a matsayin ranar yoga ta duniya, wannan salon motsa jiki ya ƙara bazuwa, wayar hannu kuma ta kai shi har ɗakunan kwanan ɗalibai da falon ma'aikatan da zaman kujera ya ƙage wa baya. Galibin masu yin sa a wajenmu ba su taɓa zama gaban malami ba. YouTube ne malaminsu, dardumar ɗaki ce filinsu. Batun asalinsa a addinan Indiya, da abin da ya halatta mutum ya ɗauka daga cikinsa, zance ne mai zaman kansa, yana da ma'abotansa. Ni jiki ne fagena, a kansa zan tsaya.

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini a kan wannan harka ba ta numfashi ba ce, ba kuma ta rage tumbi ba. Ta ƙara ce. Mutum ya kammala atisayensa na safe, ya miƙe, sai gwiwa ta ce ƙas, baya ya amsa, kafaɗa ta biyo sahu, wani lokaci har ya wuni yana jin abin. Masu kawo tambayar kashi biyu ne. Akwai waɗanda hankalinsu ya tashi, suna ganin sanyin ƙashi ne ya fara sallama, ko kuma sun gurɗe wani abu a ciki. Waɗannan yawanci sukan naɗe darduma su daina. Akwai kuma masu murna, waɗanda suka ɗauki ƙarar a matsayin shaidar cewa jiki yana buɗewa, har in ba su ji ta ba sai su ga kamar atisayen ranar bai karɓu ba. A ganina duka ɓangarorin biyu sun ɗora wa ƙarar nauyin da ba nata ba, kuma kowanne yana iya cutuwa da fahimtarsa.

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, kuma gaskiya ne ƙarar tana da dalili. Sai dai dalili daban, cuta daban. Galibin gaɓoɓin da muke motsawa, kamar na yatsu da gwiwa da kafaɗa, tsarinsu ɗaya ne: kawunan ƙasusuwa biyu, kowanne an lulluɓe shi da guringuntsi mai santsi, an kewaye su da wata jaka mai tauri wadda ba ta da ƙofa. A cikin jakar akwai wani ruwa mai yauƙi kamar na kuɓewa, wanda yake hana gogayya, yake kuma ciyar da guringuntsin, tunda shi ba shi da hanyoyin jini. Ruwan ba shi da yawa. A lafiyayyar gwiwa bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. A cikinsa akwai iska a narke, kamar yadda take narke a cikin lemon kwalba kafin a buɗe shi.

Duk wanda ya taɓa wanke faranti ya san yadda faranti biyu masu laima kan manne wa juna, ka ja su ƙi rabuwa, sannan su rabu farat ɗaya. Haka fuskokin gaɓa suke. Idan aka ja su ko aka tanƙwara su zuwa iyakarsu, da farko ruwan zai riƙe su, sai kuma su ɓalle daga juna cikin ƙiftawar ido. Sararin cikin jakar ya ƙaru ke nan ba tare da ruwa ya ƙaru ba, matsin da ke ciki ya faɗi, iskar da ke narke ta fito ta zama kumfa. A wannan ɗan taƙin ne ake jin ƙas.

Abin sha'awa shi ne, wannan ƙaramin lamari ya ɗauki masana fiye da shekara 70 suna muhawara a kansa. A 1947 wasu likitoci biyu a asibitin St Thomas da ke Landan, Roston da Wheeler Haines, suka riƙa jan yatsun mutane suna ɗaukar hoton ƙashi, suka ga wani fili mai iska yana bayyana a cikin gaɓar da zarar ta yi ƙara. Suka ce haihuwar kumfar ce take kawo sautin. A 1971 Unsworth da Dowson da Wright na Jami'ar Leeds suka ƙera na'ura ta musamman don jan yatsa, suka ce a'a, fashewar kumfar ce. Ra'ayinsu ne ya mamaye littattafai har zuwa 2015, lokacin da Greg Kawchuk da abokan aikinsa a Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada suka sa yatsun ɗaya daga cikinsu a wani bututu da aka ɗaura wa igiya, suka riƙa ja a hankali yayin da na'urar MRI take ɗaukar hoto mai motsi. Sun ga komai yana faruwa cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa, kuma kumfar tana nan daram bayan an ji ƙarar. In fashewarta ce take kawo sautin, me ya sa ba ta ɓace ba? Shekara uku bayan haka, a 2018, Chandran Suja da Abdul Barakat a Faransa suka fito da lissafin da ya nuna cewa ba sai kumfar ta fashe gaba ɗaya ba. In ta rushe wani ɓangare kawai, hakan ya isa ya haifar da irin sautin da ake ji, sauranta kuma ta ci gaba da zama. Nakan kawo wannan tarihi a aji don ɗalibai su ga yadda ilimi yake tafiya. Amma abin da ya shafi mai karatu shi ne, a duk tsawon wannan jayayya babu ɓangaren da ya ce ƙashi ne yake gugar ƙashi, ko wani abu ne ya goce ya koma mazauninsa. Rigimarsu duka a kan kumfa ce.

Akwai kuma wani abu da masanan Leeds suka tabbatar wanda zai yi mana amfani nan gaba: gaɓar da ta yi irin wannan ƙara ba za ta sake yi ba sai bayan kimanin minti 20, wato sai iskar ta koma ta narke.

To me ya sa yoga ta fi tafiya ko gudu tayar da wannan ƙara? Saboda aikinta ke nan ta kai gaɓa iyakarta, ta kuma tsayar da ita a can. A rayuwar yau da kullum, mai zaman ofis ba ya amfani da rabin abin da kwatangwalonsa ko ƙashin bayansa zai iya yi. Ƙashin baya kuwa jerin ƙasusuwa 24 ne masu motsi, kuma a tsakanin kowane biyu akwai wasu ƙananan gaɓoɓi guda biyu ta baya, hagu da dama, masu jaka da ruwa irin na yatsa. Idan mutum ya zauna ya murɗa ƙirjinsa gefe guda, kamar a zaman nan da ake danganta wa Matsyendra, waɗannan ƙananan gaɓoɓi ne suke buɗewa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa ake jin ƙas-ƙas a jere. Bayan an gama, tsokoki sun saki, gaɓa tana isa inda a da ba ta isa, don haka ko juyi aka yi a kujera sai a ji ta. Ga kuma shiru da natsuwar da ake yin abin a ciki. Ƙarar da hayaniyar titi take haɗiyewa, a ɗaki da asuba kunne yana kama ta.

Bari in ɗan ratse. Mutane da yawa suna zaton duk waɗannan tanƙware-tanƙware dubban shekaru aka yi ana tace su, don haka ba za su cutar ba. Littafin Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15 siffofin zama 15 kacal ya bayyana. Daga baya ne suka yawaita, a ƙarni na 20 kuma suka ƙara yawa, musamman daga makarantar Krishnamacharya a fadar sarkin Mysore a shekarun 1930, da almajiransa irin su B.K.S. Iyengar, wanda littafinsa na 1966, Light on Yoga, ya ƙunshi kimanin siffofi 200. Yaran da aka horar a Mysore samari ne masu ɗanyen jiki, malami na tsaye a kansu. Ba su ne magidanci ɗan shekara 45 da ya jingina wayarsa da bango yana kwaikwayo ba.

Shin wannan ƙara ta kumfa tana lalata gaɓa? A nan ne labarin Donald Unger yake shigowa. Likita ne a Kalifoniya, wanda tun yana yaro mahaifiyarsa da gwaggwanninsa, daga baya har surukarsa, suke gargaɗinsa cewa matsa yatsu yana kawo amosanin gaɓoɓi. Sai ya ƙudurta ya gwada. Shekara 50 yana matsa yatsun hannunsa na hagu aƙalla sau biyu a rana, na dama kuma ya bar shi. A 1998 ya rubuta wa wata mujallar likitoci cewa, bayan aƙalla sau 36,500, babu amosani a kowane hannu, babu kuma wani bambanci a tsakaninsu. A 2009 aka ba shi lambar Ig Nobel, wadda ake bai wa binciken da ke sa dariya kafin ya sa tunani. Mutum ɗaya ba hujja ba ne, shi ma ya san haka. Amma a 2011 Kevin deWeber da abokansa a Amurka sun duba hotunan ƙashin hannun mutum 215 masu shekaru 50 zuwa 89, suka tarar da amosani a kashi 18 cikin ɗari na masu matsa yatsu, da kashi 21 da ɗoriya na waɗanda ba sa yi. Wato babu bambancin da za a kafa hujja da shi. Wani bincike na 1990 a kan mutum 300 ya ba da rahoton kumburin hannu da raunin riƙo ga masu wannan ɗabi'a, amma shi ma bai ga ƙarin amosani ba. Abin lura guda: duk wannan a kan yatsu aka yi shi. Wanda ya ɗauki sakamakon yatsa ya ɗora wa wuya ya yi gaggawa.

Kuma ba kowace ƙara ce ta kumfa ba. A nan ne minti 20 ɗin nan yake da amfani, domin awo ne da kowa zai iya yi a ɗakinsa. In ka ji ƙas, ka sake yin motsin nan take. In shiru ya biyo baya, kumfa ce. In kuwa ƙarar tana dawowa duk lokacin da ka maimaita, a wuri ɗaya, to wani abu ne daban. Sau da yawa jijiyar da ta haɗa tsoka da ƙashi ce take tsallake wani tudun ƙashi ta koma, kamar tsirkiyar baka da aka ja aka saki. An fi jin wannan a gaban kwatangwalo idan mutum yana kwance ya ɗaga ƙafa yana sauke ta, ko a gefen cinya, ko a kafaɗa idan ana juya hannu. In babu zafi, wannan ma ba cuta ba ce, ko da yake in aka dage ana maimaita ta sau ɗari a rana jijiyar tana iya yin tsami ta kumbura.

Sai ta uku, wadda ta fi kowace tsorata mutane: gurzar nan ta gwiwa, kamar ana taka tsakuwa, idan an tsuguna ko ana hawa bene. Tana da yawa ƙwarai a gwiwoyin da ba su da wata matsala, musamman a bayan ƙoƙon gwiwa. Amma ba zan ce a yi watsi da ita baki ɗaya ba. Grace Lo da abokan aikinta a Amurka sun bi diddigin mutum kusan 3,500 masu shekaru 45 zuwa 79 waɗanda ke cikin haɗarin kamuwa da amosanin gwiwa amma ciwo bai dame su ba tukuna. Waɗanda suka ce kullum suna jin gurzar, yiwuwar ciwon ya bayyana musu ta ninka ta waɗanda ba sa ji kusan sau uku. Ma'anar wannan ga ɗan shekara 22 ba ɗaya ba ce da ma'anarsa ga hajiyar da ta haura 55, mai ƙiba, wadda mahaifiyarta ta yi fama da gwiwa. Ita ya kamata ta ga likita tun kafin ciwo ya zo. Abin da za a ce mata kuwa, in ta je, shi ne ta rage nauyi ta ƙarfafa tsokar cinya, wato ta ƙara motsi, ba ta daina ba.

Yanzu ga masu farautar ƙarar, waɗanda su ne suka fi damuna. Wasu masu koyarwa a intanet suna cewa dafi ne yake fita, ko hanyoyin ƙarfin jiki ne suke buɗewa, ko ƙashi ne yake komawa mazauninsa. Jakar gaɓa a rufe take, babu abin da ya fita daga cikinta. Iskar da ta zama kumfa a nan za ta sake narkewa. Gaskiya ne mutum yakan ji sakayau na ɗan lokaci bayan ƙas, gaɓar kuma takan ƙara sakewa kaɗan, amma daɗin nan ba magani ba ne. A 2003 Timothy Flynn da abokansa sun yi wa masu ciwon baya 71 irin murɗar nan da likitocin gashin ƙashi suke yi, suka rubuta waɗanda bayansu ya yi ƙara da waɗanda bai yi ba. Da aka auna sauƙin da suka samu, ƙarar ba ta bambanta su ba. In a hannun ƙwararre ba ita ce waraka ba, ba na jin za ta zama waraka a kan darduma.

Haɗarin farautarta shi ne, gaɓar da ta fi saurin yin ƙara ita ce wadda ta riga ta fi sakewa, mai taurin kuma tana nan shiru abinta. Mutum sai ya yi ta fizgar inda ba ya buƙatar fizga. Wannan ya fi shafar masu sakakkun gaɓoɓi tun haihuwa, irin waɗanda babban yatsansu kan taɓa damtsen hannu, ko gwiwarsu ta lanƙwashe baya idan sun tsaya. Su ne taurarin kowane ajin yoga, domin kowace siffa tana zo musu a sauƙaƙe, kuma su ne suka fi buƙatar ƙarfin tsoka maimakon ƙarin miƙa.

Wurare biyu ne ba na yarda a yi wasa da su. Na farko gwiwa a zaman furen bado, wanda ake ɗora kowace ƙafa a kan cinyar ɗaya. Juyin da wannan zama yake buƙata daga kwatangwalo ya kamata ya fito. Gwiwa kamar ƙyauren ƙofa take, buɗewa da rufewa ta fi sani. In kwatangwalo ya ƙi, mutum ya sa hannu ya jawo ƙafar da ƙarfi, to murɗar a kan gwiwa za ta sauka, ta matse faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwanta. Dattijon da ya shekara 60 yana harɗe ƙafa a kan buzu zai iya kusantar wannan zama fiye da jikansa da ya tashi a kujera. Ƙarar da aka ji a irin wannan hali, mai haɗe da zafi kamar sukar allura, wadda kumburi ya biyo bayanta cikin awoyi ko washegari, ko gwiwar ta riƙa maƙalewa ta ƙi miƙewa, ko ta riƙa zillewa ƙarƙashin mutum, ba kumfa ba ce. Wani abu ne ya yage.

Na biyu wuya. Wasu manyan hanyoyin jini guda biyu suna bi ta cikin ramukan ƙasusuwan wuya su haura ƙwaƙwalwa. Fizgar kai da hannu don a ji ƙas, ko ɗora nauyin jiki duka a kan wuya a tsayuwar kai ko ta kafaɗa ba tare da horo ba, yana iya tsaga bangon ɗayansu. Ba kasafai hakan kan faru ba, amma idan ya faru yana iya kawo shanyewar ɓarin jiki ko ga matashi. Wanda ya ji matsanancin ciwon ƙeya farat ɗaya bayan irin wannan motsi, da jiri, ko ganin abu bibbiyu, ko harshe ya yi nauyi, asibiti zai nufa a lokacin, ba sai gari ya waye ba.

Kada wannan ya sa a ɗauka ina hana yoga. Alƙaluma ba su goyi bayan hakan ba. A Amurka an ƙiyasta raunuka 29,590 masu nasaba da yoga da aka kai sashen gaggawa daga 2001 zuwa 2014, kusan rabinsu targaɗe ne da jan tsoka, kuma 'yan shekara 65 zuwa sama ne abin ya fi shafa. A ƙasar da miliyoyi suke yin ta, wannan adadi ba mai yawa ba ne. A 2015 Holger Cramer na Jamus da abokansa sun tattara gwaje-gwaje 94 da suka ƙunshi mutum 8,430, ba su ga ta fi sauran nau'o'in motsa jiki haɗari ba. A 2017 kuma wani gwaji a Boston a kan masu daɗaɗɗen ciwon baya 320, galibinsu masu ƙaramin ƙarfi, ya nuna cewa mako 12 na yoga mai sauƙi bai gaza gashin ƙashi na asibiti amfani ba. Sai dai a lura, waɗannan duka da malami aka yi su.

Shi ya sa nake ganin asarar mai tsoro ba ta gaza ta mai ganganci ba, illa dai tasa a ɓoye take. Ma'aikacin da ya fara motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon suga, ya ji gwiwa ta yi ƙas ba tare da zafi ba, ya daina, ya koma kujerarsa, babu wanda zai rubuta shi a cikin waɗanda suka ji rauni. Wani ma ba ya tsayawa nan. Sai ya biya kemis ya sayi ƙwayoyin kashe zafi irin su diclofenac yana sha kullum, wai rigakafin sanyin ƙashi, alhali ba sa hana amosani, kuma yawan shan su yana jawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda. Wani kuma ya tafi wajen mai ɗori a ja masa gaɓar da ba ta goce ba. Jiki magayi ne, haka ne, amma da zafi da kumburi da gazawa yake magana, su ya kamata a saurara.

Akwai rukuni guda da ba zan ba su shawarar jira su gani ba, wato masu cutar sikila, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu ɗauke da ita. A wajensu jini yakan yanke wa kan ƙashin cinya, inda ya shiga kwatangwalo, ƙashin ya fara mutuwa a hankali, kuma sau da yawa tun suna samari. Alamunsa na farko sukan zama ciwo a matsematsi ko a gwiwa, ɗingishi, da wata ƙara ko maƙalewa a kwatangwalo, wato daidai abubuwan da mai koyarwa a waya zai ce a ƙara buɗe ƙugu a kansu. Mai sikilar da ya ji haka ya dakatar da duk siffar da ke murɗa kwatangwalo, ya nemi likitan ƙashi, ko a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko a asibitin koyarwa mafi kusa da shi. Ya kuma sani cewa a farkon ciwon hoton ƙashi na yau da kullum yana iya fitowa lafiya lau. MRI ce take kama shi da wuri, a lokacin da ake iya ceto gaɓar kafin kan ƙashin ya rufta.